Akuyar Kawu Mai Aski

"Ni dai na faɗa maka, Sarauniyar ce. Wa ya ci ribar rufe ƙofar sama in ba ita ba?"

"Wace Sarauniya? Matar da inuwarta ke kaiwa bakin kasuwa tun tana ɗaki? Mai kwalekwalen nan ne. Ka taɓa ganin ya taka ƙasa?"

"To ai a ruwa sana'arsa take. Kai da kake direba, sau nawa muka ga ƙafarka a ƙasa?"

"Kawu, raba mu."

"Sunkuyar da kai tukuna. Allolin naku ba guduwa za su yi ba."

Wanda ya yi maganar ƙarshe shi ne mai shagon. Aski ne sana'arsa tun bai fara aske nasa gemun ba, kuma duk layin Kawu suke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ɗan ƙanwarsa ne ya jawo masa sunan, wato Direba, wanda tun yana yaro yake zama a ƙofar shagon yana kiran Kawu, Kawu, har sunan ya bi shi. Shagon ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa da ta daina juyawa hagu, babban madubi mai tsaga a kusurwa, benci a jikin bango, da fanka mai kaɗa kai kamar tana ƙin yarda da duk abin da ake faɗa. A kan bencin nan Mai Kemis na maƙwabta yake yini, tabarau a kan hanci, yana leƙen ƙofar shagonsa ta cikin madubi.

Abin da Mai Kemis da Direba suke gardama a kai labarin zane ne da wani yake sakawa a intanet, shafi ɗaya duk mako, ana karantawa a waya. Labarin wani birni ne inda duk wanda ya yi sihiri sai inuwarsa ta ragu, ranar da ta ƙare kuma shi ma ya ƙare. Birnin yana da alloli, na labari dai, kamar yadda Kawu yake ƙarawa duk lokacin da ya ambace su. Akwai Mai Makulli da ya rufe ƙofar sama ya yar da makullin, akwai Tsohuwar Toka, sai na ukunsu da ake kira Ɓoyayye, wanda yake tara inuwar mutane, ba a kuma taɓa nuna fuskarsa ba. An ce yana cikin birnin yana yawo da wata siffa. Wace siffa? Mai Kemis ya ce Sarauniyar birnin ce, Direba ya ce mai kwalekwalen birnin ne. Tambayar da ta hana masu karatu sakat ke nan, daga bencin Kawu har ƙasashen da ba su san da bencin ba.

Duk wanda ya shigo shagon zai rantse Kawu ya fi kowa sanin labarin. Gaskiyar magana, bai taɓa ganin ko shafi ɗaya ba.

Idonsa ne ya fara ja da baya, a hankali, ba sallama. Abu mai nisa yana ganinsa tas, zai gane mai tahowa tun daga kwanar layi. Amma abin da ke kusa da hancinsa ya zama kamar ana kallo ta gilashin mota da ruwa ya jiƙa. Matarsa ce kaɗai ta sani, don ita take karanta masa saƙon waya, kuma ta gaji da yi masa maganar likitan ido.

"Mai aski da tabarau?" in ji shi. "Wa zai miƙa wuyansa ga mutumin da ya sanar wa duniya ba ya gani?"

"Ga wanda bai sanar ba fa?"

"Shi ai ana miƙawa."

Haka ya ci gaba da aski da yatsu. Ya san kan kowa a layin kamar yadda mutum ya san matakalar gidansa a cikin duhu: tudun ƙeyar Direba, tabon bayan kunnen Mai Kemis, inda gashin wane yake juyawa. Babban yatsa yana gaba yana nuna hanya, kilifar aski tana biye. In zai gyara layin goshi sai ya ja da baya kamar mai tsananin ƙwarewa, ya karkata kai, ya ƙare wa aikin kallo daga inda idonsa yake aiki, sannan ya dawo. Mutane suna cewa Kawu ba ya gaggawa.

Labarin kuwa da kunne ya haddace shi. Dabararsa ɗaya ce, irin ta duk mai aski: wanda ke kan kujera shi ke da gaskiya. Na safe ya zo da ra'ayinsa, Kawu ya ce "Ai kuwa," ya adana. Na yamma ya zo, Kawu ya fito da na safen, ya ɗan ƙara gishiri, ya miƙa masa a matsayin nasa. In an miƙo masa waya ya duba, sai ya kawo uzuri, ko hannunsa da kumfa, ko reza na kusa da kunnen wani, ko kuma ya ce, "Karanta min dai, na fi son in ji yadda kai ka fahimta." Babu wanda ba ya jin daɗin wannan maganar.

Ran nan da Direba da Mai Kemis suka matsa masa ya raba su, kan Direba yana hannunsa, amma Mai Kemis ne na gaba a layi. Ko wanne ya bai wa gaskiya, zai sha ƙorafin ɗayan har a tashi. Sai ya tuna wata akuya da ake yawan ambata a wuce, akuyar yarinyar da labarin yake bi, wadda aka ce kullum tana gefen shafi tana tauna wani abu.

"Dukanku kun ɓata," ya ce, yana busa gashi daga bakin kilifa. "Akuyar ce."

Mai Kemis ya yi dariya har tabaraunsa ya zame. "Akuya? Kawu, ko dai zafin injin nan ya fara taɓa ka?"

"Me take taunawa kullum?"

"Ciyawa mana."

"A birnin da aka ce ba a yi ruwa ba tun da aka rufe sama? Ina ta samo ciyawar?" Kawu da kansa bai san daga ina maganar take fitowa ba, amma ya ji tana tafiya daidai, sai ya bi ta. "Kun taɓa ganin inuwar akuyar nan?"

Wayoyi suka fito. Aka koma baya shafi bayan shafi, kuma ko mai zanen mantawa yake yi, ko ƙyuya ce, ko da gangan ne, akuya dai ba ta da inuwa a ko'ina. Kawu ya ci gaba da aski da fuskar mutumin da ya daɗe da sani, cikinsa kuwa dariya kamar ta fasa shi.

Direba bai tsaya nan ba. Ya rubuta a wajen sharhi, ƙarƙashin shafin makon, cewa kawunsa mai aski ya ce akuyar ce, tana cin inuwa. Kafin mako ya zagayo maganar ta rabu biyu, 'yan akuya da masu zagin 'yan akuya. Wasu suka ce ƙararrawar wuyanta ita ce makullin sama. Wasu suka ce Tsohuwar Toka uwarta ce. Samari daga wasu layuka suka fara zuwa aski, har da masu kan da babu abin askewa, don a ce sun zauna a kujerar mai akuya. Kawu ya ƙara benci. A gida matarsa ta dube shi tana ninke kaya.

"Akuyar taka fara ce ko baƙa?"

"Sirri ne."

"Allah ya rufa asiri," ta ce, ba ta ɗago ba.

Sai ga wata safiya shagon ya cika, benci biyu duk mutane. Direba yana kan kujera, ƙyalle a wuya, an kwashe gefe ɗaya na kansa, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe zaune.

"Sabon shafi ya fito. An ce yau aka nuna fuskar Ɓoyayye." Hannaye suka nufi aljihu, ya ɗaga murya. "Kowa ya ajiye wayarsa. Ni ma ban duba ba, na buɗe kawai. Girman na Kawu ne, shi zai fara gani ya faɗa mana."

Ya miƙo wayar ta saman kafaɗa.

Kawu ya ce hannunsa da gashi. Aka miƙo tawul. Ya goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya goge tsakaninsu, ya ninke tawul, ya gyara zamansa a kan ƙusa. Da ya karɓi wayar fuskarta ta riga ta mutu saboda jira, sai ya danna maɓallin gefe kamar yadda yake ganin ana yi. Haske ya kawo. Ya ga wani abu zagayayye, mai ɗigo biyu baƙaƙe, ya cika fuskar wayar.

Fuska ce dai, ya ce a ransa. Daga nan ai baki zai ƙarasa.

"Hmm," ya ce. "Na faɗa muku."

Mai Kemis ya taso ya tsaya a bayansa, ya leƙa ta cikin tabarau. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kalli Kawu, sannan ya sake kallon wayar. Gefen bakinsa ya motsa.

"Bayyana wa jama'a, Kawu," ya ce a hankali. "Ya ka gan shi?"

"Kai kamar tulu. Kumatu sun yi suntum, ka san inuwar gari guda ce a ciki."

"Idon fa?"

"Idon ai shi ne abin tsoro. Mugunta ce zalla, ba a ko ɓoye ba."

"Amma bai yi kama da akuya ba."

"Ya fara rikiɗa ne. Dubi goshin, nan ƙahon yake." Kawu ya ji bencin ya matso, sai ya ƙara wuta. "Ni dai duk wanda ya haifi wannan, sai dai a taya shi da addu'a."

Mai Kemis ya koma ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Direba ya kasa haƙuri, ya juyo ya fizge wayar.

Hoton da ke kan wayar in an kulle ta ne. 'Yar Direba ce, jaririya, an sa mata hular ulu, tana kallon duniya da kumatunta.

"Kawu," ya ce. "Wannan ai 'yata ce."

"Na sani mana. Ba jikata ba ce? Ban isa in tsokani amaryata ba?"

Ya kusa tsira. Wani ma har ya fara dariya. Amma Direba ya san kawunsa, ya ga inda idon yake kallo, can gefen wayar. Ya ɗaga yatsu daf da fuskar Kawu.

"Nawa ne nan?"

"Ɗan ja baya kaɗan."

Direba bai ja baya ba. Hannunsa ya tafi kunnensa na dama, ya shafa, ya koma na hagu. A kan benci ma hannaye suka tashi, kowa yana duba nasa. Wani saurayi da ya zo daga nesa ya ce ya tuna ya bar ruwa a kan wuta, ya fita. Direba ya kwance ƙyallen wuyansa ya miƙe tsaye, rabin kai fes, rabi daji.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Da reza, Kawu. A maƙogwarona."

Kawu ya ɗauko kilifa ya kunna ba dalili, ya tsaya da ita a hannu tana ta gurnani, ya rasa ta inda zai kashe ta, shi da ya saba kashe ta ba ya dubawa. Wannan ce ranar da ya daɗe yana gani tun daga nesa, kamar yadda yake ganin komai.

Mai Kemis ya share hawayen dariya, ya cire tabaraunsa, ya goge da gefen riga, ya ɗora wa Kawu a hanci ba tare da ya nemi izini ba.

"Ni dai kunnuwana biyu suna nan," ya ce. "Na ƙirga. Kuma ni ne na gaba, kar wanda ya shige min."

Duniya ta matso kusa. Kawu ya ga haƙoran kilifa ɗaya-ɗaya. Ya ga gefen kan Direba, layin ya tafi sambal kamar an ja da zare, yatsunsa ba su ci amanarsa ba. Ya ɗaga kai ya ga wani tsoho a madubi, gashin baki gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa. Ya karɓi wayar daga hannun Direba ya dubi hoton.

"Kai, ashe kyakkyawa ce," ya ce. "Uwarta ta biyo."

Direba ya so ya ci gaba da fushi, amma ya hango kansa a madubi, ya ga ba inda za shi da wannan rabin kan. Ya zauna a bakin kujera, bai jingina ba.

"Da tabarau za ka ƙarasa."

"Da tabarau."

"Kuma gobe ni zan kai ka likita, a motata."

"To Ɓoyayyen fa?" wani ya tambaya daga benci. "Akuyar ce ko ba ita ba?"

Aka sake kai hannu aljihu. Kawu ya ɗaga kilifa kamar mai tsayar da mota, ya mayar wa Direba ƙyallen a wuya, ya ɗaure, ya tura tabaraun da ke zamewa.

"Ku dakata, Ɓoyayyen ya jira mu tun tuni, zai ƙara jira," ya ce, sannan ya sunkuya wajen kunnen ɗan ƙanwarsa. "Don Allah maganar tulun nan kar ta je gida. Kuma buɗe min daga shafin farko, ka riƙe wayar nan inda zan gani, ka nuna min akuyata."