Mu Ne Gindin Dala

A shekarun da nake elementare a Wudil, tun Turawa ba su tafi ba, muna da wani malamin motsa jiki mai yawo da usur a wuya kamar shi ya ƙera shi. Ya koya mana alkafura, da tsayuwa bisa ka, da yadda mutum zai faɗi ya mirgina bai karye ba. Wannan kam mun so shi. Abin da na tsana shi ne dala: wasu yara su durƙusa, wasu su hau bayansu, ɗaya ya tsaya can ƙoli. Mu da aka kawo daga Darki, 'ya'yan manoma, kullum mu ne a ƙasa. Ƙolin kuwa na Sabo ne, ɗan wani babban ma'aikacin En'e, wato hukumar Sarki, yaron da ko alkafura ɗaya bai iya ba.

A gidan kakata Iya nake zaune. Wata rana bayan magariba mu jikokinta muna kewaye da murhu tana gasa mana gyaɗa, sai ta ga gwiwoyina duk sun ƙuje. Na ba ta labari. Ta taɓe baki.

"Maigida, karatu aka kai ka ko dako?"

Ta gyara itace ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku kasa kunne." Wai an yi yunwa a daji, sai dabbobi suka hango kanya ta nuna can sama. Kunkuru ya kwanta, bushiya ta hau, zomo ya hau, aka ɗora ƙadangare don ya tsinko wa kowa. Gogan naka ya zauna ya cinye tas, har bayan kunkuru ya tsattsage. Da ya sauko sai ya shiga gyaɗa kai yana cewa, "Ni na hau, ni na hau." Iya ta kwaikwayi gyaɗa kan, muka fashe da dariya.

Ni ban daɗe ina dariyar ba. Na ce mata gobe Bature zai zo duba makaranta, kuma na rantse Sabo na kaiwa ƙoli zan zame in bar shi ya sha ƙasa.

Ta dube ni. "Su na tsakiya fa? Me suka yi maka? Ka zaci tsoron ƙadangare ne ya hana kunkuru motsi?"

Washegari aka busa usur muka durƙusa. Tsakuwa na cin gwiwata, ina jin ƙafar abokina Idi tana rawa a gadon bayana. Na cije. Bature ya tafa, ya miƙa wa Sabo hannu, malam na ta washe baki. Mu ko kallo ba mu samu ba, aka ce mu kakkaɓe wando mu shiga layi.

Na girma na yi aikin gwamnati har na gaji. Na ga irin su Sabo ba iyaka, ana ɗora su, su sauko su yi jawabi a kan ƙwazonsu. Sau da yawa na samu damar zamewa, sai in tuna akwai masinja da akawu a tsakani, masu iyali. Na ɗauke su duka, ban kayar da kowa ba. Amma har na bar aiki, hannuna bai taɓa tafa wa ko ɗaya daga cikin na ƙolin ba.