Jinjina ga Mato, Mai Cajin Batir na Tanut

Kowace safiya, kafin marasa lafiya su cika ƙofar likita a Tanut, Mato ya riga ya buɗe hancin motar ɗaukar majinyata. Zai leƙa ruwan batir, ya goge bakin wayoyi, sannan ya ɗaure ɗan injinsa na caji a baya, mai shan fetur. A jiragen ruwan tafkin Cadi ya koyi aikin, inda ya ga batir ya fashe a fuskar maigidansa. Bana, 1968, yake ajiye aiki.

Mun sha yi masa tsiya kan tsoron ashana. Mun daina tun ranar Tarka.

Da hantsi motar ta je wani zango a Tarka ɗaukar Kadi, matar wani makiyayi mai suna Rissa, kwana biyu tana naƙuda. An sa ta ciki, mota ta ƙi tashi. Batir ya mutu, rairayi kuma ba ya barin turi. Mato ya sauke batirin a fili, ya kwance murafansa, ya maƙala wayoyi kafin ya tada inji. Gabansa sai faɗuwa yake, don yana jin nishin matar yana raguwa.

Direba ya ce, "Ƙara wuta mana, Mato, matar nan za ta tafi."

"In na ƙara ya tafasa, mu duka mun zauna nan."

Can sai ga Rissa da murhun shayi, garwashi jajir, zai ajiye gaban baƙonsa don girmamawa, taku biyu daga batirin. Mato bai tsaya bayani ba. Ya sa ƙafa ya shure murhun, buta ta kife cikin yashi. A ƙasar nan ba a yi wa shayin mutum haka, kuma ga takobi a kafaɗar Rissa.

Mato ya ce, "Iskar da ke fita daga batirin nan wuta take jira. In ya fashe, ba mota. Ka yi mini fushin gobe."

Fiye da awa guda injin yana cajin batir. Sai Mato ya kashe inji, ya cire wayoyi, ya mayar da batir. Mota ta yi tari sau biyu, ta tashi. Kafin la'asar Kadi ta haihu a Tanut, ita da 'yarta lafiya.

Bayan suna Rissa ya zo garejin Mato da murhunsa. Ya tsaya can nesa, bakin bishiya, ya ce, "Daga nan ya isa?"

Mato, kai ne ka yarda a ce ba ka da kunya don wata ta rayu. Mun gode, Allah ya saka. Ku masu kama wannan aiki bayansa, in gaggawa ta zo, ku tuna ya ji tsoro ranar nan kamar kowa, amma bai ƙara wutar ba.