Ƙuri'ar Mama Mai Ƙosai

Shekarun baya, lokacin ina da rumfar caji da gyaran waya a Dutse Alhaji, na aikata wani abu da har yau idan Disamba ta kama sai ya dawo mini sabo. Wasu daga cikin masu bibiyata a nan sun san labarin. Ku da ba ku sani ba, gara ku ji daga bakina.

Akwai wani gidan rediyo a nan Abuja da duk ƙarshen shekara yake jera waƙoƙi goma masu sauraro su zaɓa. Kowace waƙa da lambarta. Sai ka tura lambar ta saƙon tes, layi ɗaya ƙuri'a ɗaya. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce waƙar Kirsimetin shekarar, a yi ta sa ta har sabuwar shekara, a kuma gayyaci mawaƙin ya yi magana duniya ta ji. To, an ɗauki shekaru ɗan wani mai kuɗi ne yake cinyewa. Yaron ba shi da murya, amma yana da uba. Ana cewa katan-katan ake sayen layuka ana tura masa. Ban gani da idona ba, kuma idan kun karanta zuwa ƙasa za ku ga ba ni da bakin zargin kowa da maguɗi.

A teburin mai shayi maganar ta faro, da safe. Wani Ibo mai sayar da kayan babur, wanda kowa ke ce wa Oga, ya ji an sa waƙar yaron a rediyo, ya dangwarar da kofinsa.

"Kullum wannan yaro, kullum wannan yaro. Mu ba mu da waƙa ne? Ba mu da waya? Wannan shekara mu za mu sa namu."

Kamar wasa aka fara. Kafin mako ya zagayo an buɗe guruf a waya, an shigar da 'yan acaba, teloli, makanikai, masu gadi, Musulmi da Kirista. Ba wai kowa ya damu da waƙa ba. Mutane sun gaji ne da a ce komai na garin nan mai kuɗi ne zai zaɓa musu, har abin da za su saurara.

Mawaƙa biyu ne a layinmu, ni da abokina mai walda. Ɗan kudancin Kaduna ne, ɗaki ɗaya muka zauna farkon zuwanmu Abuja. Ni ne mawaƙin gaske, a ganina. Na shiga situdiyo har sau uku, ina da baƙin tabarau da hular da nake ɗaukar hoto da ita, na ma raɗa wa kaina sunan waƙa wanda ba zan faɗa ba saboda 'ya'yana sun fara karatu. Shi kuwa a ƙungiyar mawaƙan coci kawai yake waƙa, sai ɗan abin da yake rerawa idan yana yankan ƙarfe. Waƙa ɗaya tak gare shi, a kan mutumin da ya wuni yana ƙera ƙofofin gidajen masu kuɗi na Gwarinpa, ya dawo ya kwana a ɗakin da ƙofarsa kwano ce, Kirsimeti ta zo bai samu zuwa gida ya ga uwarsa ba. Ni na ɗaukar masa ita da wayata a cikin rumfata. Idan ka kasa kunne har ƙarar janaretana za ka ji a ciki.

Ranar da za a tsayar da ɗaya aka kunna duka biyun a sifika. Da aka sa tawa, ta soyayya ce, mutane suka ci gaba da shan shayinsu, wani ma ya ce a ƙara masa sikari. Da aka sa tasa, mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Mama mai ƙosai, wata tsohuwa da ke suya a gefen rumfata, ta ja gefen ɗankwalinta ta goge ido. Aka ce a ɗaga hannu. Waƙata ta samu hannu uku: nawa, da na mai shayi wanda nake yi wa cajin fitila kyauta, da na abokina da kansa. Wallahi hannunsa ɗin nan ya fi komai ƙona mini rai. Na ga kamar sadaka ya ba ni.

Amma na yi murmushi, na dafa kafaɗarsa, na ce, "Mutumina, mu je zuwa."

Aka dinga kiran gidan rediyon ana roƙon waƙar har ta shiga cikin goman. Aka ba ta lamba bakwai, ta ɗan mai kuɗi lamba biyu. Sai ga bakwai ko'ina, a bayan Keke, a jikin garu da alli, a tiren masu talla. Abokina ya ƙera wani ƙaton bakwai na ƙarfe, ya shafe shi da jan fenti, ya zo ya kafe shi a gaban rumfata.

"Injiniya, nan ce rumfar zaɓenmu," ya ce. "Tsofaffin nan ba su iya tura saƙo ba. Kai suka sani, kai ka san wayoyinsu."

Gaskiya ya faɗa. Duk mai ƙaramar wayar da aka ɗaure da roba a unguwar nan wurina yake kawo ta. Ni nake loda musu kati, ni nake karanta musu saƙo, ni nake nemo musu lambar 'ya'yansu.

A cikin kwanakin nan hassada ta ci ni kamar gara. Na koma gida na tarar da matata tana wanki tana rera waƙarsa. Na ce mata ba ta da wata waƙar ne? Ta ce, "Wace? Taka? Ai ban riƙe ba." Mahaifiyata ta kira ni daga Abaji, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Wai abokin nan naka mai kawo mini tsire, shi ne a rediyo? Ka sa mini waƙar a waya in ka zo." Wasu 'yan mata suka zo ɗaukar hoto da bakwai ɗin ƙarfe, ɗaya ta miƙo mini wayarta ta ce, "Malam, ɗan matsa daga ciki, ka ɗauke mu." A gaban rumfata.

Da wayar Mama mai ƙosai na fara. Ta miƙo mini ita hannunta duk mai, ta ce, "Ɗana, jefa wa yaron nan tawa." Na buɗe wurin saƙo. Yatsana yana kan bakwai, sai na tsinci kaina na danna biyu. Ba zan ce Shaiɗan ba ne, don yatsan nawa ne. Da farko na so in ƙi turawa gaba ɗaya, amma duk wanda ya tura sai amsa ta dawo wayar ta yi ƙara, kuma ƙarar nan mutane suke jira su ji. Wayar ta yi ƙara.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Mama."

Na goge saƙon da amsarsa, na miƙa mata. Ta ƙunso mini ƙosai mai zafi a takarda ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na karɓa. Na cinye.

Daga nan abin ya zo mini da sauƙi. Kuma ba a makance na yi ba, zaɓa nake yi. Wanda na san ya iya karatu, bakwai nake danna masa yana gani. Baba mai gadi, da matan Fulani masu kawo nono da safe, da leburorin da ke miƙo waya su juya suna hira, waɗannan duk ɗan mai kuɗi suka zaɓa ba su sani ba. Fiye da mako ina wannan aiki a ƙarƙashin bakwai ɗin abokina. Da yamma ya zo ya zauna a bencina ya ce, "Injiniya, ka sha aiki," ni kuma in ce, "Ai yi wa kai ne."

Ranar jajibirin Kirsimeti bayan la'asar aka faɗi sakamako. Jama'a suka cika gaban rumfata, aka jona rediyo da sifika. Aka fara daga ta goma ana saukowa. Duk wadda aka kira ba tamu ba sai a yi tafi. Aka kira ta uku, ba mu ba ne. 'Yan acaba suka fara danna ham. Sai mai gabatarwa ya ce ta biyu ita ce lamba bakwai, kuma tunda yake shirin bai taɓa ganin tazara ƙarama kamar ta bana ba.

Can Oga ya fara tafi, kowa ya bi. Na rungume abokina ina cewa, "Sun yi maguɗi ne, mutumina." Tunda na ce zan faɗi gaskiya, to a lokacin daɗi nake ji.

Daɗin bai daɗe ba. Ana cikin sa waƙar ɗan mai kuɗi sai wayoyi suka fara ƙara nan da can. Ba na kowa ba. Ƙananan nan ne masu roba. Ashe gidan rediyon yana tura saƙon taya murna ga duk layin da ya zaɓi waƙar da ta ci. Ni da nake kiran kaina injiniya ban san da wannan ba, don ban taɓa zaɓar wadda ta ci ba.

Abokina ne kusa da Mama. Ta miƙa masa wayarta ta ce, "Ɗana, duba mini, ko yarana ne." Ya karanta. Baba mai gadi ya miƙo tasa, ya karanta. Wata mai nono ta miƙo tata. Ina kallonsa yana duba wayoyin, yana duba fuskokin masu su, kamar mai auna ƙarfe. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Me suka ce?" in ji Mama.

"Barka da Kirsimeti suke yi miki, Mama," in ji abokina.

Oga ya zaro tasa wayar ya duba. "To ni fa? Ni ne na fara wannan magana, ba su gaishe ni ba."

Abokina ya ce, "Tsofaffi suke gaisarwa, Oga. Ka jira tukuna."

Aka yi dariya. Abokina kuwa bai yi ba. Ya tako har inda nake, ya sa mini wayar Mama a tafin hannu, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Goge mata, kada ya cika mata waya. Ka fi ni iya gogewa."

Washegari matarsa ta kawo mana shinkafa da kaza kamar yadda suke yi duk shekara, kazar ma ni nake yanka musu don mu samu ci. Matata ta zuba mini, na kasa kai loma. Kwana biyu ina zagaye shagonsa kafin na iya shiga. Na same shi yana walda. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, bai ce in zauna ba.

Na ce, "Me ya sa ba ka tona ni ba?"

Ya ce, "Da na faɗa a wurin nan, kana tsammanin cewa za a yi Injiniya ya cuci abokinsa? Cewa za a yi Musulmi ya cuci Kirista ranar Kirsimeti. Wata guda muka yi muna haɗa mutanen nan. Ba zan wargaza su a kanka ba."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ni na biyu na zo, da waƙar da aka ɗauka a waya. Na gode wa Allah. Ƙuri'ar ba tawa ba ce, ta Mama ce. Ita ka sata wa."

Kun san me? Ko a wannan tsayuwar sai da na ji ƙyashinsa. Na ce a raina, wato murya ya fi ni, yanzu kuma hankali ma ya fi ni. Haka ciwon yake, ba ya jin kunya.

Na je wurin Mama da safe kafin mutane su taru. Na durƙusa gefen kaskonta na faɗa mata komai. Ba ta daina juya ƙosanta ba har na gama. Sannan ta ce, "Ranar ba na ba ka ƙosai ba?"

"Kin ba ni, Mama."

"Ka ci?"

"Na ci."

Ta tsame na cikin mai, ta zuba wani. "To. Allah ya yafe mana. Tashi, kana tare mini hayaƙi."

Na bi sauran waɗanda na iya tunawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka zage ni, wasu suka yi dariya, Baba mai gadi ya ce shi dama bai san me ake zaɓa ba. Ni da abokina mun ɗauki watanni gaisuwa kawai muke yi, kafin wata rana ya kawo mini wayarsa ta faɗa ruwa, ya zauna a bencin nan kamar da. Ba mu sake tayar da maganar ba. Bai sake shiga gasar ba, ni ma ban sake shiga situdiyo ba. Bakwai ɗin ƙarfen yana nan a bayan gidana, bai taɓa tambayarsa ba.

Na daɗe ina ɗauka abokina na yi wa hassada, shi na cutar. Sai daga baya na lura ko sau ɗaya ban yi maguɗi a wayar wanda zai iya kama ni ba. Haushin mai murya nake ji, amma a kan waɗanda suka yarda da ni na sauke shi. Shi ya sa har yau, ko a shagona na yanzu, idan wani ya ce in tura masa saƙo sai na juya masa fuskar wayar na karanta da ƙarfi, ko da bai san bihim ba.

Mama kuwa ta yafe mini, na yarda da hakan, don ba ta taɓa canza mini fuska ba. Amma shekara biyun da na ƙara a layin, duk la'asar sai ta tashi daga gefen rumfata da wayarta mai roba a hannu, ta ce, "Injiniya, ya aiki?" Ni kuma in ce, "Da godiya, Mama." Sai ta wuce ni, da ciwon gwiwarta, ta taka har bakin titi ta kai caji wurin wani.