Ranar da Na Ƙara wa Teku Mita Ɗaya

A unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, tsakanin duwatsu da masaukan alhazai. Har na yi aure, ruwa mafi yawa da na saba gani shi ne na tankin da ke saman gidanmu. Duk da haka ni aka naɗa masanin teku na danginmu, kuma na riƙe muƙamin kusan shekara biyu.

Surukina ne ya naɗa ni. Ya daɗe yana tuƙa bas ɗin alhazai daga unguwar Kudai, da ya ajiye aiki sai ya ce yana son wurin da ba a danna hon. Shi da wani abokinsa suka sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji ɗaya, suka ajiye shi a gabar Shu'aiba, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu daga Makka. Abokin nan dattijo ne, iyayensa Hausawa ne da suka zauna a bakin teku a Sudan kafin su ƙetaro. Shi ke tuƙa jirgin, don haka rayyis kowa ke ce masa, wato shugaban jirgi. Surukina yakan ce rayyis ba ya bukatar kowa ya gaya masa komai: ya ɗaga kai ya dubi sama, ya shaƙi iska, shi ke nan ya san abin da gobe za ta yi.

Sai dai rayyis a can kusa da gabar yake zaune, kuma ba ya son amsa waya. Dole mu san halin da teku zai kasance kafin mu bar Makka. Idon surukina ba ya ganin ƙananan rubutu, ni kuwa ina da tabarau. Iyakar ilimin da aka duba ke nan.

Asabar ce ranar fita, don haka kowace Juma'a bayan la'asar nakan je gidansa a Kudai. A zuba min shayi, ya miƙo min wayarsa, in buɗe shafin hasashen yanayin teku. A hankali na koyi karanta shi. Akwai gudun iska, da inda take fitowa, da tsawon igiyar ruwa. In igiyar ba ta kai mita ɗaya ba, a fita. In ta wuce, a zauna gida. Na kuma gane cewa iskar arewa maso yamma takan yi ƙarfi da rana, saboda haka gara a dawo kafin azahar. Ina karantawa yana gyaɗa kai, surukata tana leƙowa daga kicin tana sa min albarka.

Ladan wannan aiki shi ne ba a tafiya sai da ni. Ni kuwa da jirgi ya bar gaba cikina yake fara juyawa. Su suna jefa ƙugiya suna hirar tsofaffin direbobi, ni ina rungume da gefen jirgi ina mayar wa teku karin kumallona. Surukina yakan dafa ni ya ce, "Za ka saba." Ban saba ba. Ban kuma iya buɗe baki na ce wa uban matata ya bar ni a gida ba.

Wata Juma'a na buɗe shafin na ga abin da ban taɓa gani ba. Iska kamar babu, igiya rabin mita, tun daga safe har yamma. Na san me ke jirana: yini cur a kan ruwa.

"Me suka ce?" in ji surukina.

"Baba, mita ɗaya da rabi ne."

"Har da safe?"

"Tun da safen ma."

Ya ce Allah ya kyauta, ya mayar da akwatin ƙugiyoyinsa ƙarƙashin gado. Na yi Asabar ɗina a kwance a gaban na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar Lahadi wani maƙwabcinsa da ya je gabar ya aiko masa da manyan kifaye biyu, tare da saƙon cewa jiya teku kamar faranti, me ya hana shi zuwa? Ina wurin aka kawo. Na shirya jin faɗa. Surukina ya dubi kifin, ya ce, "Ka gani ko? Mutanen nan na waya maƙaryata ne. Suna zaune a ofis, ba su taɓa ganin ruwa ba." Na yarda da shi, har na ƙara da cewa abin kunya ne.

Bayan mako biyu hasashen ya zo da gaske mummuna. Iska mai ƙarfi tun da hantsi, igiya ta kusa mita biyu, ga gargaɗi da jan rubutu ga masu ƙananan jirage. Na karanta masa sau biyu.

"Haka suka ce wancan karon," ya ce. "Yalla, mu tafi gobe bayan asuba."

"Baba, wannan daban ne."

"Da me ya bambanta?"

Duk amsar da zan bayar za ta tona asirina, sai na miƙa masa wayarsa. Washegari muka kama hanya, ina tuƙi ina karanto duk addu'ar da na sani. Tun daga nesa muka hango farin kumfa a kan ruwa. Surukina ya ce kada in damu, rayyis zai duba sama ya gaya mana gaskiya.

Muka tarar da rayyis zaune a inuwar motarsa, jirgi a ɗaure. Bai dubi sama ba. Ya zaro waya daga aljihun jallabiyarsa, ya nuna mana shafin nan dai da nake karantawa, da jan rubutunsa.

"Ba ku da wannan ne a Makka?" ya tambaya. "Masu tsaron gaba ma sun hana fita yau."

Surukina ya ce ai wannan abin ya yi ƙarya mako biyu da suka wuce, ya ce mita ɗaya da rabi. Rayyis ya ce shi rabin mita ya gani, kuma ya zauna jiranmu har rana ta ɗaga.

Mun wuce rabin hanyar komawa kafin in yi magana. Na gaya masa duka: jirin, da aman, da mitar da na ƙara.

"Da ka faɗa min tun farko," ya ce, "da na saya maka maganin jiri. Ana sayarwa a kantin magani na ƙasan gidanmu."

Bai ƙara cewa komai a kai ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Amma Juma'ar da ta biyo baya, da na zauna na gyara tabarau, sai ya miƙa wayar ga 'yarsa. Matata ta karanta lambobin yadda suke, ba ragi ba ƙari, ta ce gobe lafiya lau. Ta kuma ce tunda ni ba ni da wani aiki yanzu, in riƙa tafiya ina kula da Baba, don shekaru sun ja.

Maganin yana aiki, sai dai yana sa barci. Yawancin kifin da aka kama a jirgin nan cikin 'yan shekarun nan, a hoto na gan shi.