Yaya Mai Faifai ta Ɗakin Hoto

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina cikin jera takardun marasa lafiya, babbar 'yarki ta kira ni. Ba ta iya haɗa magana ba, "Anti, Mama" kawai ta ce, sai kuka. Allah da Ya ba mu ke Shi ne Ya karɓe ki, kuma gare Shi dukanmu za mu tattara. Na ajiye wayar, na juya na kalli kujerarki da ta yi wata bakwai ba kowa a kanta.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ɗaki ɗaya, a sashen ɗaukar hoto na asibitinmu. Aikinki shi ne zuba hoton cikin jikin mara lafiya a faifan sidi, ya tafi da shi wurin likitan da aka tura shi. Kowa Mai Faifai yake kiranki, har manyan likitoci. Ni kuwa tun ranar da na kama aiki Yaya nake ce miki, domin a ranar kika raba abincinki biyu kika turo mini rabi ba tare da kin tambayi sunana ba.

A teburinki akwai kwamfuta uku, kowace da irin manhajar da ke tuƙa ta. Ta tsakiya ta tsufa har fatarta ta koma ruwan ƙasa, in aka kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. Sau biyu aka zo kwashe ta a kai sito kika hana. Kin sha faɗa mini cewa kwamfutoci ba yare ɗaya suke ji ba, abin da wannan ta rubuta wata za ta kalle shi ta rantse babu komai. Shi ya sa faifai ba ya barin hannunki sai ya buɗe a duka ukun.

Ban gane nauyin wannan magana ba sai ranar da wani dattijo, direban babbar mota, ya shigo da faifai a naɗe cikin hankici. Matarsa na kwance a ɗakin majinyata na saman bene da ƙari a ciki, an sa ranar tiyata Alhamis. A wani asibiti mai nisa aka yi mata hoton, a kan irin faifan nan da ake gogewa a sake rubutawa, kuma can sun ce ba su ajiye kwafi ba. Sake hoton ba zai yiwu ba, domin ƙodarta ba za ta ƙara ɗaukar ruwan da ake ɗurawa kafin a ɗauka ba. Kwamfutar likitan tiyata ta ƙi buɗe shi, aka turo dattijon wurinmu.

Kin fita alwala, ni na karɓa. Na saka a tawa, sai ta ce faifan babu komai, ko ina so ta yi masa fomat? Wallahi a lokacin na zaci gyara take nufi. Hannuna na kan maus, saura in danna, sai na ji yatsunki masu sanyin ruwa sun riƙe wuyan hannuna.

"Ƙanwata, tsaya," kika ce. "In kika ce mata e, kin share wa matar nan hotonta."

Kika zare faifan, kika kai shi bakin taga kika karkata shi a haske, kika kira dattijon. "Baba, ka ga inda launin ya canza daga tsakiya zuwa nan? Rubutu ne. Hoton na ciki, mai karanta shi muke nema."

Kwamfutarki ta farko ta ƙi. Tsohuwar ta yi ta juya shi ta tofo shi waje. Ta ukun ce, wadda manhajarta ta bambanta da sauran, ta nuna shi bayan kin yi ta lallashinta kusan awa biyu. Daga baya kika yi mini bayani: waɗanda suka rubuta shi sun tsara shi ne kamar filashi, ɗan abin adana bayanan nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, a sabon tsarin da ba kowace kwamfuta ta sani ba, sannan suka zare shi ba su rufe rubutun ba. Kika kwashe hotunan kaf kika adana, kika ɗauko sabon faifai kika rubuta a tsohon tsarin da kowace ke ganewa, kika rufe shi, kika hau bene da ƙafarki kika saka a kwamfutar likitan. Dattijon yana tsaye a ƙofa da hularsa a hannu. Da hoton ya fito a allo sai ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hankicin nan.

An yi tiyatar ranar Alhamis. Matar ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta ga auren autarta. Ni kuwa ba ki taɓa gaya wa kowa abin da na kusa aikatawa ba. Da na zo ba ki haƙuri, sai kika ce, "Laifin na'urar ne da ba ta iya tambaya ba. Zo in nuna miki." Kika rubuta da jan biro a takarda kika manna a gefen allona: in ta ce fomat, a ce a'a.

Akwai abin da ke damuna, Yaya, gara in faɗa. Bara, da aka kawo tsarin tura hoto ta intanet, na ce miki a gaban mutane zamanin faifai ya wuce, ki bar wahalar da kanki. Ba ki yi fushi ba. Kin ce in je ƙananan asibitocin da majinyatanmu ke komawa in ga irin kwamfutocin da ke can, in dawo mu yi magana. Ban je ba, ban kuma janye maganar ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Ciwon ya fara miki kamar gajiya. Kina dafa tebur kafin ki miƙe, kina cewa kujerar ce ta lalace. Da aka gano abin da ke ciki ya riga ya yi nisa, kuma ke da kika shekara ashirin kina kallon irin waɗannan hotuna ba ki buƙaci a fassara miki naki ba. Zuwana na ƙarshe kin rame har zoben hannunki na zamewa, amma tambayar da kika yi mini ita ce ko sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo tana gwada faifan kafin ta ba mutane. Na ce tana yi. Kika lumshe ido kika ce, "To, madalla."

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya ajiye aikinsa ya yi jinyarki bai taɓa nuna gajiya ba, da 'ya'yanki uku, da ƙannenki, da dukan abokan aiki. Ta'aziyya ta musamman ga Inna, mahaifiyarki. Da na durƙusa gaishe ta, sai ta jawo wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai ta nuna mini. Ashe duk Asabar ke kike zuba mata magungunanta na mako, ko da kina kwance sai an kawo miki kin ƙirga da hannunki. Gida uku ne suka rage da magani a ciki.

"'Yar nan," Inna ta ce mini, "na kasa shan waɗannan. Su ne na ƙarshe da ta taɓa."

Na riƙe hannunta.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya saka miki da alheri a kan kowane bawa da kika tsaya wa ba ki san shi ba. Ya raya abin da kika bari, Ya ba Inna juriyar da ba ta da ita yau. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.