Jan Kek ɗin Saukar Zainabu

Har gobe ranar nan ba ta fita daga raina ba. Wata Talata ce a farkon Sha'aban, lokacin ina malamar girke-girke a wata cibiyar koya wa mata sana'a a Rano. Ku da kuka kama aikin nan daga baya, gara ku ji daga bakina.

Kowane rukunin ɗalibai wata uku yake yi a hannunmu. A wannan makon darasin shi ne yadda ake ba kek launi ba tare da kalar kwalba ba. Na nuna musu garin zogale yana ba da kore, kurkur da garin ɗorawa suna ba da rawaya, zoɓo kuwa in an dafa shi ya yi kauri shi ke ba da ja. Ina ji da kaina ƙwarai a darasin nan, don gani nake babu wadda ta kai ni.

Cikin ɗalibaina akwai Asabe, wadda take zuwa tun daga Durba, ta ma girme ni. 'Yarta Zainabu mai ciwon sikila za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar, bayan shekarun da ta kwashe tsakanin allo da gadon asibiti. Abu ɗaya ta roƙi uwarta: jan kek, irin wanda ta gani a wayar wata nas. Asabe kuwa ta ce yarinyar da ta ƙoshi da magunguna ba za ta ƙara mata da abin da ba ta san asalinsa ba. Shi ya kawo ta ajina.

Muna tashi, shugabar cibiya ta aiko cewa baƙi sun iso daga ƙaramar hukuma. Ina gyara mayafi Asabe ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malama, hodar nan mai sa kek ya tashi babu ita a wajenmu. In ban samu ba fa?"

"Ki ɗan zuba ruwan kanwa kamar na waina, duk ɗaya ne," na ce, na wuce.

Ba ɗaya ba ne, kuma na sani. Kanwa tana kashe jan zoɓo. Tsami ne yake raya shi. Hankalina ne kawai yake wajen baƙi.

Ranar Litinin ta kawo mini ragowar kek ɗin a ƙulle cikin leda. A tukunya ta gasa shi, kan yashi, a gwangwanayen madara, ya kuma yi laushi yadda ake so. Amma launinsa kamar toka.

"Malama, a ina na yi kuskure?"

Na ce mata ba ita ba ce, ni ce. Na tambayi abin da Zainabu ta ce.

"Cewa ta yi, 'Inna, ai daɗin ya isa.' Ta ci, ta raba wa ƙawayenta. Sai dai na ga ta gutsura shi biyu tana leƙa ciki, ko jan yana can."

Kunya ta rufe ni. Na yi mata alkawari da Sallah zan je Durba da hodar da kaina, mu yi wa yarinyar wani. Na saya kuwa, na ajiye a durowar ofis.

Azumi ya raba tsakiya ciwon Zainabu ya tashi. Kwana uku ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Da na je gaisuwa, Asabe ba ta nuna mini komai a fuska ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kullum sai ta ƙirga kwanakin Sallah, tana cewa Malama za ta zo." Nan na yi kukan da ban yi niyya ba.

Tun daga lokacin, ranar farko ta darasin nan kofi biyu na zoɓo nake ajiyewa a gaban aji. In ɗiga kanwa a ɗaya, in matsa lemon tsami a ɗayan, kowa ta gani da idonta. Sannan in bi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya in tambaya, "Me kike da shi a gida?" Aikin nan ya koya mini cewa matanmu ba sa musu da malama, abin da kika faɗa shi za su je su yi. Saboda haka in ɗaliba ta tsayar da ke a bakin ƙofa, ki koma ki zauna, baƙi su jira. Sallah tana dawowa kowace shekara, Zainabu kuwa ba ta kai waccan ba.