Baƙin Shafin Baban Ummi

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Baban Ummi, malamin gona da ya yi aiki tsakanin Kiyawa da Dutse. Jama'a na tuna shi da fara'a. Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni a bana shi ne shafukan majiginsa.

Duk sanda zai yi jawabi a taron bita, a gabana yake fara gwadawa. Bayan la'asar sai ya rataye farin zanin gadonmu a bangon falo, ya kunna majigin da ya aro daga ofis. Hoto ɗaya yake sawa a shafi: zangarniyar gero da tsutsa ta ci, ko tafin hannun wata tsohuwa cike da irin riɗi. Rubutu ɗan kaɗan ne, wani shafin ma babu. Da ya ga na fara gyara ɗankwali sai ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ya gundure ki ko?" Nan take ya goge shi. A lokacin ji nake duk duniya ba macen da ake yi wa zance irin nawa.

A tsakiyar kowane jawabi yakan sa shafi baƙi ƙirin. Ranar da na fara ganinsa na ce, "Malam, wuta aka ɗauke?" Ya yi dariya ya ce, "So nake su bar kallon bango su kalle ni. Maganar da ta fi nauyi a nan nake faɗin ta."

Yanzu ina aiki a wani ofis a Dutse, ina zama a tarurruka. Shafi cike da rubutu kamar takardar kotu, mai jawabi ya juya mana ƙeya yana karantawa, mu kuma muna ta latsa waya. Nakan tambayi kaina me Baban Ummi zai ce da ya ga wannan. Sai in tarar na daina jiyo amsar da muryarsa.

Watan jiya 'yarmu Ummi, da ke karatu a Kafin Hausa, ta buɗe tsohuwar kwamfutarsa don ta koyi salonsa kafin ta gabatar da aikinta a aji. Hotunan duk suna nan. Da muka iso baƙin shafin ta juyo ta ce, "Umma, a nan me Abba yake cewa?"

Na tuna hularsa da yake turawa ƙeya, da ƙamshin turarensa, da yadda yake ɗaga yatsa. Dabararsa ta ci, shi na kalla. Kalmomin kuwa ya tafi da su. Har haushinsa na ji: da ya cika shafukan da rubutu kamar kowa, da yau muna da maganarsa a hannu.

Ummi ta sa baƙin shafi a nata aikin. Ta ce ajin ya yi tsit, kowa ya ɗago ya zuba mata ido, ta faɗi tata maganar. Wannan shirun ne gadon da ya bar mata, Allah Ya jiƙansa. Ni kuwa har yau nakan buɗe shafin nan in zauna a gabansa, ina jira.